Kakan da Kumandan Bai Rubuta Ba

Ranar 12 ga watan Yuli na shekarar 2005, Kotun Duniya da ke birnin Lahay ta yanke hukunci a kan iyakar Nijar da Benin. Ta raba tsibirai 25 da ke cikin Kogin Kwara, ta ba Nijar 16, ta ba Benin 9, kuma tsibirin Lete, wanda aka zubar da jini a kansa a 1960, ya faɗo cikin rabon Nijar. Abin da ya yi nauyi a ma'aunin alƙalan shi ne tsofaffin takardun da Nasara ya bari: wasiƙar da wani jami'i mai suna Sadoux, mai riƙe da barikin Gaya, ya rubuta ranar 3 ga Yulin 1914 a kan rabon tsibiran, da kuma shaidun da suka nuna cewa daga Gaya ake zuwa karɓar harajin mutanen Lete. Takardar da ta shekara 90 tana shan ƙura ta tashi ta ci shari'a.

Babu mai jayayya da wannan. Sai dai akwai darasin da wasu ƴan boko suke ɗauka daga irin wannan nasara, kuma kuskure ne mai tsada. Tambayar da aka ajiye gaban kotu ita ce: wace hukuma ce take mulkin tsibirin? Takardar haraji kuwa ta fi kowa iya amsa wannan, domin don haka aka yi ta. Tambayar da jika yake yi dabam ce. Shi so yake ya san wane ne kakansa, daga ina ya zo, ina kuma ya shiga da aka daina jin ɗuriyarsa. Ɗaukar kundin ƙidayar kumandan a mayar da shi alƙalin wannan tambaya tamkar kiran mai karɓar kuɗin kasuwa ne ya faɗi asalin masu talla.

Amma haka ake yi. A gardamar gona, a neman gadon sarautar gari, a binciken asali kafin aure, sai wani ya zaro hoton tsohon shafi daga wayarsa, ya bi layi da yatsa, ya ɗago kai ya ce ai babu sunan kakan wane a ƙidayar shekara kaza, saboda haka baƙi ne, daga baya suka zo. Idan dattijo ya buɗe baki zai yi bayani, a rufe masa shi da cewa gani ya kori ji. A gari kamar Gaya, inda Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Kabawa da Arawa da Fulani suka cuɗanya, inda kusan kowane gida yake da reshe a Kamba ko a Malanbil, kalmar baƙo ba abar wasa ba ce. Tana iya raba mutum da gonar fadama, tana iya ɓata aure.

Wannan ɗabi'a ta neman kakanni cikin takardun ƙidaya ba a nan aka haife ta ba, kuma a inda aka haife ta tana da hujjarta. Amurka tana ƙidayar mutanenta kowace shekara 10 tun 1790, tana kuma buɗe takardun ga kowa bayan shekara 72. A 2022 aka buɗe na 1950. A Faransa akwai jerin sunayen mazauna kowane gari, gida gida, da aka riƙa yi kusan kowace shekara 5 tun 1836, ga kuma littattafan haihuwa da aure da mutuwa da ake gwada su da shi. Ko a can ɗin ma, duk mai bincike ya san ramukan da ke hanya. Gobarar 1921 ta lalata mafi yawan takardun ƙidayar Amurka ta 1890. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an jera bayi ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekarunsu da launinsu, ba tare da sunayensu ba. Sai a 1870 suka fara bayyana da suna. Ba a taɓa jin wani Baƙar Fatar Amurka mai hankali ya ce tunda babu sunan kakarsa a 1860, to ba a yi ta ba. Wannan wautar sai a nan.

Ya kamata mai karatu ya tuna yadda ake cika kundin da ake wa wannan biyayya. Da rani kumandan ko mataimakinsa yakan fita rangadi, da tafinta da magatakarda da dogaran bariki. A tara gari a gindin itace, a kira mai gida, ya fito da mutanensa, a rubuta. Kowa a wurin ya san abin da rubutun zai haifar. Kowane kai da ya shiga kundi lanho ne, na namiji da na mace, da na yaro da zarar an ga ya tasa. Daga cikin kundin ake fitar da masu aikin tilas na hanyoyi, abin da ba a soke ba sai da dokar 11 ga Afrilun 1946. Daga cikinsa kuma ake kiran samari gaban masu ɗaukar soja, wanda dokar 1919 ta mayar abin kowace shekara. Uban da yake da ƴaƴa maza huɗu, ya gabatar da biyu, ya tura biyu cikin rugar wani Bafillace aminin gida har rangadi ya wuce, aikin uba ya yi. Yau jikan ɗaya daga cikin waɗanda aka ɓoye shi ake ce wa baƙo, da shaidar kundin da kakansa ya yi wa wayo.

Wannan tsoro na ƙidaya bai tsaya ga ƙasar Faransa ba. A 1929, a kudu maso gabashin Nijeriya, yunƙurin ƙirga mata da dabbobi a garin Oloko shi ya tayar da boren matan Aba, saboda matan sun fahimci cewa ƙirge yana gaba, haraji yana biye.

Mutanen Dandi kuwa suna da wata mafita da ta fi bore sauƙi, wato iyaka. Yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 ta bar Ilo ga Ingila, ta bar Gaya ga Faransa, kuma tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi. Layin ya ratsa tsakanin dangi, amma bai hana ƙafa tafiya ba. A ɓangaren Ingilishi babu ɗaukar soja na dole irin na Faransa, kuma mutane sun ɗauki harajin can a matsayin mai sauƙi, don haka idan wuya ta yi wuya sai gida ya kwashe da dare ya kwana a Kamba. Masanin tarihi A. I. Asiwaju ya yi rubutu a 1976 a kan irin wannan ƙaura daga ƙasashen Faransa, ya kira ta nau'in tawaye. Wani gida yakan yi damina uku a can ya dawo, wani ya rabu biyu har abada. Mutum ɗaya yana iya kasancewa a rubuce a ɓangarori biyu da suna biyu, yana iya kuma kuɓuce wa duka biyun. Wanda ya duba kundi ɗaya na shekara ɗaya ya yanke hukunci, ya leƙa ta ƙofar zaure ne ya ce ya ga cikin gida.

Kuskuren kuma yana cin kowane ɓangare. Kamar yadda kundi yake rasa rayayyu, haka yake riƙe matattu. Ba kowace shekara ake sabunta ƙidaya ba, kuma harajin gari yana bin adadin da ke rubuce ne, sarki kuma yana da kasonsa cikin abin da aka tara. A yunwar 1931, wadda fari da fara suka jawo a yammacin Nijar, wadda kuma Finn Fuglestad ya yi nazarinta a 1974, jama'a sun mutu, wasu sun watse neman abinci, hukuma kuwa ta ci gaba da neman lanhonta. Suna da aka gani a shafi bayan irin wannan shekara yana iya zama na mutumin da aka riga aka yi wa sadakar arba'in, ƴan uwansa suna biyan kuɗin kansa.

Sai kuma maganar suna, wadda a nan ne masu bautar takarda suka fi tafka ɓarna. Magatakardan yana jin sunan ne ta bakin tafinta, yana kuma rubuta shi da kunnen Faransanci. Muhammadu ɗaya yana iya fitowa Mahamadou a wannan shafi, Mahamane a wancan, Mamane ko Maman a na uku, idan ya ƙetara zuwa ƙasar Ingilishi ya koma Mamman. Audu da Abdou da Aoudou mutum ɗaya ne ko mutum uku? Shafin ba zai faɗa ba. Wannan ma ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da wadda al'ada ta haifar. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da sunan da ake kiransa da shi, kuma sau da yawa gari bai san na farkon ba sai ranar ɗaurin aure. Akwai Ɗanladi da Balarabe da Ɗanjuma da Asabe, waɗanda ranar haihuwa ta raɗa musu. Akwai Tanko da aka haifa bayan mata, da Kande da aka haifa bayan maza. A gari ɗaya ana iya samun Tanko goma. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta saboda alkunya, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuma ana sakaya shi da Baba ko Abba ko Maikano, gwargwadon abin da aka san mai sunan da shi. Wanne daga cikin waɗannan aka faɗa wa tafinta a gindin itace? Wanda ya fara zuwa baki, ko kuwa wanda mai gida ya ga ba zai jawo masa fitina ba.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Matar da ƴaƴanta suke mutuwa takan kira sabon jariri Ajuji ko Ayashe ko Bawa, don nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Bayan shekara 90, sai wani mai ɗan karatu ya ga Bawa a shafi, ya fita yana raɗa wa mutane cewa gidan su wane bayi ne. Alhali bayin gaskiya ba lalle kundi ya nuna su a fili ba. Bayan dokar 12 ga Disamban 1905, wadda ta haramta cinikin mutane a Afirka ta Yamma ta Faransa, hukuma ta koyi kauce wa kalmar, tana sakaya ta da barori ko mutanen gida. Ga ɗa ya zama bawa saboda sunan da uwarsa ta sa masa don tsoron kabari, ga bawa ya narke cikin jerin iyalin ubangijinsa ba wanda zai iya gano garin da aka kamo shi. A ƙasar da sai a 2003 aka sa hukuncin bauta cikin dokar laifuka, inda har yanzu wannan kalma take tsayar da ɗaurin aure, wasa da irin wannan shafi wasa da wuta ne.

Mata kuwa, ko an rubuta su, da wuya shafi ya kai mai bincike gidan ubansu. Kakar da aka auro daga Bengu ko Yelu ko Tanda, ko daga ƙetaren kogi a Karimama, takan bayyana da suna guda a ƙarƙashin mijinta, ta ɓace idan ya sake ta, ta sake bayyana a wani gari ƙarƙashin wani. Rabin asalin kowane mutum ke nan.

Ga kuma waɗanda suka fita da ƙafarsu. Tun kafin Nasara, wannan yanki mashigar fataken Gwanja ce, masu kai kanwa da tufafi su dawo da goro, kuma gishirin Foga yana jawo mutane daga nesa su yi rani su koma ko su zauna. A zamanin Nasara samari sun bi hanyar Kumasi da Ankara, ƙaurar da Jean Rouch ya bi sawunta a shekarun 1950. Wasu sun dawo da korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969, wasu suna kwance a maƙabartun zango. Wasu sun nufi gabas da niyyar hajji a ƙasa, suka tsaya noma a Sudan don neman guzuri, guzurin bai cika ba har yau. Hausawa suna cewa wane ya shiga dandi idan ya bar gida ya bi duniya, kuma akwai masu danganta kalmar da sunan wannan ƙasa ta Dandi; ko haka ne ko ba haka ba, ƙasar ta karɓi ɓatattun wasu kamar yadda ta ba da nata. Game da duk waɗannan, iyakar abin da kundin bariki zai nuna shi ne suna da aka ja wa layi.

Wanda yake zaton ƙidayar zamani za ta cike giɓin, shi ma zai sha mamaki. Nijar ba ta yi ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba sai a 1977, sannan 1988 da 2001 da 2012, kuma an yi su ne don a san adadi, amsoshin kowane gida sirri ne a doka. Malaman makaranta kuwa sun fi kowa sanin darajar ranar haihuwar da ke cikin takardun iyayen ɗalibansu: kalmomin nan biyu, né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza, da hukuncin kotu da ake yi da shaidu biyu bayan yaro ya girma, da shekarun da ake ragewa don yaro ya sami shiga lakwal. Hukumar da ba ta san shekarar haihuwar mutumin da ke tsaye a gabanta ba, ita ake so ta faɗi asalin wanda ya rasu a 1920.

Masu kare kundi suna da amsa guda, kuma amsa ce mai ƙarfi: baki ma yana ƙarya. Gaskiya ne. Maroƙi yana tsawaita asalin wanda ya cika masa hannu, gida yana manta kakan da ya jawo abin kunya, kowane mai neman sarauta kuma kakansa ne ya sari gari. Alex Haley, wanda littafinsa Roots na 1976 ya sa duniya zazzaɓin neman asali, ya dogara da bakin wani mai ba da tarihi a Jufure ta Gambiya, daga baya masana suka nuna raunin wannan shaida. A Gaya kanta, Olivier Walther ya nuna a wani nazari na 2012 yadda labarin kafuwar gari yake da fuska biyu, ta Kyangawa masu ƙasa da ta ƴaƴan sarautar Sanwai da suka iske su, kowane ɓangare yana ba da shi yadda zai tsare matsayinsa. To amma idan shaidu biyu duka suna da abin ɓoyewa, alƙalin kirki yakan titsiye su ne duka biyun. Abin da ƴan boko suke yi shi ne su titsiye tsohuwa su ƙyale kumandan, don kawai shi da tawada ya yi tasa maganar. Tsohuwar tana iya ruɗewa a shekara, amma ta san wa ya haifi wa. Kumandan ya san shekara sarai, bai san kowa ba.

A nan ne kundin yake da amfaninsa na gaskiya, kuma ba kaɗan ba ne. Yana kafa turke a cikin lokaci. Idan gida ya ce kakansu ya tafi Gwanja shekarar fara, kundi kuma ya nuna sunansa kafin 1931 ya rasa shi bayanta, magana biyu sun haɗu. Yana nuna maƙwabta, maƙwabtan nan kuma jikokinsu suna raye, ana iya zuwa a tambaye su. Littattafan soja sun ma fi shi, domin sukan kawo sunan uba da na uwa da garin mutum da kamanninsa, wani lokaci har da zanen fuska. Tsagar Kabawa ko ta Arawa kuwa takarda ce da wanzami ya rubuta tun kafin a san bariki. Matsalar ita ce takardun Dandi sun watse kamar mutanenta. A farkon mulkin Faransa yankin ya zauna ƙarƙashin Dahome, kafin a mayar da wannan gaɓa ga yankin soja na uku da aka ƙirƙiro a 1900, saboda haka mai bincike yana bukatar Yamai da Porto-Novo, da Dakar inda aka ajiye takardun babban gwamna, da Aix-en-Provence a Faransa, da kuma Kaduna don abin da ya shafi lardin Sakkwato. Ƙasa ta iya tura masana su tono waɗannan wurare lokacin da tsibiri yake kan faranti. Malamin makarantar Tunuga ba shi da wannan hali, kuma abin da ya rage na kundaye a ɗakunan ajiya na tsofaffin barikoki, gara da yoyon damina ba sa jiran kasafin kuɗi.

Ƙungiyoyin al'adu suna da bakin da za su nemi a ɗauki hoton waɗannan kundaye, a ajiye kwafinsu inda ɗan Gaya zai iya zuwa da ƙafarsa ya duba. Amma wanda zai buɗe su ga jama'a tilas ya buɗe su tare da bayanin yadda aka cika su, in ba haka ba ya raba wuƙaƙe ne a wurin gardama. Sauran aikin kuwa ba ya bukatar izinin kowa. Cibiyar IRSH da ke Yamai tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa, kuma irinsu suna nan a gafakar malamai a cikin gari: ranar haihuwa a bangon littafi, takardar rabon gado, wasiƙar da wani ya aiko daga Kumasi yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Wasiƙa guda irin wannan takan fi shafi goma na bariki faɗin gaskiya, domin mai rubuta ta ba ya tsoron a san yawan ƴan uwansa.

Ɗalibin da malami zai tura gida da littafi da alƙalami kuma yana bukatar a koya masa hanya. Idan ya tambayi kakarsa sunan mijinta ko na ɗan farinta kai tsaye, za ta kau da kai ta ce ta manta, shi kuma ya rubuta cewa ba a sani ba. Sunan yana nan. Kishiyarta za ta faɗe shi ba tare da jinkiri ba, haka ƙanwar mijin, haka tsohon wanzamin gidan. Ita kanta kakar, idan jikan ya bi ta hanyar wasan da ke tsakanin jika da kaka, ya riƙa jero sunaye yana tsokanarta, zai gane ya faɗa kan na gaskiya a daidai inda ta ɗaga masa muciya.